Akwai na'urar da ake dasa wa mai ciwon zuciya don auna iskar oksijin?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana fama da raunin zuciya, kullum muna maƙala masa na'urar nan ta yatsa. Na ji an ce akwai wadda ake dasawa a cikin jiki, tana auna oksijin ba dare ba rana. Gaskiya ne, kuma za ta fi masa amfani?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba Baba lafiya. An yi ƙoƙarin ƙera irinta, amma har yau ba ta zama abin da ake dasa wa majinyata yau da kullum ba.

Na'urar yatsa tana auna oksijin da ke cikin jinin da ya riga ya ɗauko iska daga huhu, wanda ga mai lafiya yakan kai kashi 95 zuwa 100. Mai raunin zuciya sai ya daɗe yana nuna 96 alhali ciwon yana ci a ciki. Sau da yawa adadin ba ya faɗuwa sai ruwa ya taru a huhu, lokacin kuwa an makara. Abin da ya fi fallasa halin zuciya shi ne jinin da ke komowa bayan gaɓoɓi sun kwashi rabonsu na oksijin, wanda ga mai lafiya yakan nuna kashi 60 zuwa 80. Idan zuciya ta gaza turo isasshen jini, gaɓoɓi kan tatse wanda ya iso, sai adadin ya sauka. Tun shekarun 1980 aka gwada ɗora ma'aunin haske a wayar na'urar daidaita bugun zuciya don wannan aiki. Matsalar ita ce jiki ba ya barin baƙo: nama da daskararren jini sukan lulluɓe idon ma'aunin, awo ya riƙa karkacewa.

Ɗaya daga cikin waɗanda ake dasawa yanzu, CardioMEMS, matsin jini take aunawa a jijiyar da ke kai jini huhu, ba oksijin ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2014. Ba ta da batir. Ta jijiyar cinya ake zura ta, sannan kowace safiya majinyaci ya kwanta a kan wani matashi da ke karanta awon ya aika wa likita. Matsin yakan hau tun kafin haki da kumburin ƙafa su bayyana, sai a gyara maganin sa fitsari, mai rage ruwan jiki, da wuri. A ganina wannan ya fi awon oksijin amfani ga irin ciwon Baba, sai dai tana da tsada, kuma ba kowace cibiyar zuciya ke dasa ta ba.

Ki ci gaba da ta yatsan, amma kada ki sakankance da ita, domin a fata mai duhu takan nuna fiye da gaskiya. Ki haɗa da auna nauyinsa kowace safiya. Idan ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ko ya kasa kwanciya sai a jingine, a kai shi asibiti ko da na'urar na nuna 97.