Tambayoyin Masu Karatu: Maigida Ya Ƙi Cin Abincin da Likita Ya Ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Watanni uku da suka wuce likita ya tabbatar wa maigidana cewa yana da hawan jini, ya umarce shi da ya rage gishiri da maiƙo, ya kuma riƙa motsa jiki. Tun daga nan nake yi masa girkinsa daban, amma sau da yawa sai ya ture kwanon ya ci na yara. Su kuwa yaran, in ba taliya da lemon kwalba ba, ba sa cin komai da daɗin rai. Ni ma ba na fita sosai. Yaya zan yi?
Wata uwa daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa maigida lafiya. Shawarata ita ce ki daina ɗora tukunya biyu, domin babu magidancin da zai jure cin miya salam alhali ƙamshin ta yara yana dukan hancinsa. Tukunyar gidan gaba ɗaya za ki gyara, a hankali, yadda ba wanda zai ji an ware shi.

Ki fara da gishiri, tunda shi ne ya fi shafar ciwon nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai gram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin magi da sinadarin taliya da yajin tsire. Idan kin saba jefa magi shida a miya, ki koma biyar na mako biyu, sannan huɗu, ki cike gurbin da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta. Harshe yana sabawa, kuma ni a ganina yawancin iyalai ba sa ma lura an rage idan mai girkin ba ta yi shela ba. Mai kuwa ki riƙa auna shi da cokali maimakon tuttulawa daga galan.

Game da yara, kada ki hana taliya kwatsam. Ki yanka mata kabeji da karas, ki sa ƙwai, ki rage sinadarin da rabi. Lemon kwalba mai rabin lita yana ɗauke da sukari kusan gram 50, saboda haka ki mayar da shi na ranar Juma'a, sauran ranaku a sha zoɓo ko kunun tsamiya mai ƙarancin sukari. Kwaɗon zogale, dambun rama, wake da tuwon dawa duk suna kusa da ke, kuma sun fi abincin leda araha.

Hukumar ta ba manya shawarar motsa jiki na minti 150 a mako, yara kuma awa ɗaya kullum. Maigida zai samu nasa idan ya taka da ɗan sauri zuwa masallaci mai nisa kaɗan, ke kuma daka da shara da zagaya tsakar gida bayan Asuba duk suna cikin lissafi. Yaran a karɓi waya bayan La'asar, a bar su su yi langa da tsallen igiya. Sai dai maigida kada ya ajiye maganinsa don ya ga an gyara girki, ya kuma ci gaba da auna jininsa a ranakun da likita ya sa masa.