Baƙon furotin a jini da ciwon baya: kada ka yi gaggawar tafiya gida

Wani ɗan'uwa mai shekara 54 da ke ɗaukar kaya a wani sito a Manchesta ta ƙasar Birtaniya ya rubuto mini. An gwada jininsa an ga wani baƙon furotin, likita ya kira shi MGUS, ga kuma ciwon baya da ke hana shi barci. 'Yan'uwa a Kano sun ce ya dawo a kai shi wajen mai ɗori, shi kuma yana tsoron abin da zai sami takardunsa na zama a can.

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Wannan furotin wasu ƙwayoyi ne a cikin ɓargo suke yin sa. MGUS ba ciwon daji ba ne, amma a kowace shekara kusan mutum 1 cikin 100 nasa kan rikiɗe ya zama miyeloma, wato ciwon dajin ɓargo, kuma ya fi yawa a cikinmu baƙar fata. Ƙashi kullum ana kankare tsohonsa ana yaɓa sabo, kamar katangar ƙasa. Miyeloma kan zuga masu kankarewa ta tsayar da masu yaɓe, sai ramuka su fito, ƙashin baya ya dinga lotsawa, kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ya kwarara cikin jini, ƙoda ta wahala.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ciwon nan na dare. Ka koma wajen likitanka a makon nan, ka faɗa masa baki da baki cewa ciwon yana tashinka daga barci, ka nemi a ɗauki hoton bayan. In ƙafa ta fara mutuwa ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ka tafi sashen gaggawa a daren, kada ka jira gari ya waye. Magungunan rage ciwo irin su ibuprofen da diclofenac ka ajiye su, suna cutar ƙoda.

Mai ɗori ina ganin girmansa, amma ƙashin da ya rarake daga ciki, hannu ɗaya in aka danna yana iya karyewa.

Wajen aiki, ka karɓi takardar likita a sauya maka aiki marar nauyi kafin sakamako ya fito. In kuma kana ƙirga shekarun neman zaman dindindin, ka tuna ba a son ka wuce kwana 180 a wajen ƙasar cikin wata 12.

Ka kira Hajiya da kanka ka gaya mata halin da ake ciki, kada ta ji a bakin wani. Ka roƙe ta addu'a, ka ce mata za ka zo ganinta da zarar likita ya ce bayan zai jure zaman jirgi.