Ku Tambayi Bakanike: Boris ɗin Taya, Wanne Ne na Motarka?

Wasiƙun da suka taru a wannan makon kusan duk kan boris ɗin taya ne. Ba abin mamaki ba ne, domin bayan damina ake ganin ɓarnar da ruwa da ramuka suka yi wa ƙafafun mota. Mun zaɓi huɗu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2005, 'yar Amurka, kullum ina kan hanyar Katsina zuwa Daura. Ƙafar gaba ta dama ta fara gurnani. Mai shago ya miƙo mini boris ya ce na Golf 4 ne, amma duk ɗaya ne, zai shiga, kuma ya fi araha. In saya? Daga wani malamin makaranta, Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka saya. Mai shagon bai yi ƙarya ba da ya ce zai shiga, sai dai shiga daban, zama daidai daban. Kowane boris na gaba irin wanda ake dannawa cikin gidansa yana da awo uku: faɗin ramin ciki, faɗin waje, da kauri. Na Corolla ɗinka milimita 40 ne a ciki, 74 a waje, kaurinsa 42. Na Golf 4 kuwa 40 ne da 74, amma kaurinsa 40. Ka ga awo biyu sun yi daidai, shi ya sa yake shiga har a yi tsammani an dace. Milimita biyun nan da suka rage su ne matsalar. Boris yana zama ne tsakanin kafaɗar gidansa da zoben makulli da ke riƙe shi, to idan ya gaza tsawo sai ya samu wurin motsi, hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, ya zauna ba a mazauninsa ba, faifan birki ya ɗan kauce daga tsakiyar takalman birki. Ba a daɗe sai gurnani ya dawo, wani lokaci har da cinye gidan boris ɗin, wanda ya fi boris tsada nesa ba kusa ba.

Awon nan sau da yawa yana rubuce a jikin boris. Idan ka ga DAC40720037, karanta shi haka: 40 ciki, 72 waje, 37 kauri, wato na gaban Golf 3 ke nan. Wasu kamfanoni suna gajarta lambar su bar kaurin, don haka idan an ciro tsohon, a goge shi da fetur, a kai shi shago, a jera shi da sabon a kan tebur, a auna da ma'aunin da ke nuna milimita. Ido ba ya gane milimita biyu, balle a cikin shago mai duhu.

Kuma ka daina sayen kaya da sunan mota kawai. Corolla ta shekara ɗaya ma iri-iri ce: 'yar Amurka kusoshin tayarta biyar, 'yar Turai huɗu. Ka kwafi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Harafin farko yana nuna inda aka ƙera motar: J Japan ce, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, W Jamus. A motocin Amurka, na goma yana nuna shekara, 5 na nufin 2005. Da yawa cikin motocin da ke hannunmu sun sha canjin fitilu da bamba, wata an mayar da ita ta yi kama da sabuwar ƙira, amma lambar shasi ba ta canza riga.

Kafin duk wannan ma, ka tabbata boris ne ke kukan. Nasa gurnani ne da ke ƙaruwa da gudu, ba ruwansa da giya ko totur. A hanya mara cunkoso, ka ɗan karkata sitiyari hagu: idan kukan ya ƙaru, galibi na dama ne, domin nauyi ya koma kansa. Sannan a ɗaga motar da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, a juya ta da hannu ɗaya alhali ɗayan yana kan sifirin. Boris da ya mutu za ka ji kakkarwarsa a tafin hannunka. Tayar da ta cinye ba daidai ba ita ma tana irin wannan kuka, kuma an sha sayen boris a banza saboda ita. Ƙas-ƙas lokacin da ka karya kwana sosai kuma, wannan kan shaf ne, wato sandar da ke juya taya, ba boris ba.

Tambaya: An canza mini boris na gaba a Honda Accord 2004, wadda ake kira EOD. Kuka ya tafi, amma tun daga garejin fitilar ABS ta kunna ta ƙi mutuwa. Bakanike ya ce sai na sayi sabuwar sensa. Daga wata Hajiya, Ƙofar Marusa.

Amsa: Hajiya, a dakata da sayen sensa tukuna. Boris na gaban wannan motar yana da zoben maganaɗisu a ɓoye cikin murfin roba na gefe ɗaya, shi ne sensa ke karantawa ta san gudun taya, ta sanar da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi. Abu biyu ne ke faruwa: ko an sa miki boris mai awo daidai amma mara maganaɗisu, ko kuma an sa mai maganaɗisun a juye, ya kalli waje maimakon ya kalli cikin mota inda sensa take. Ana gane gefen da ƙaramar allura: a ɗora ta a kan murfin, gefen da ta ɗan manne shi ne zai kalli ciki. Kada a gwada da babban maganaɗisu irin na sifika, yana lalata zoben. Abin takaicin shi ne idan an riga an danna a juye, ba a ciro shi lafiya, domin wajen cire hob zoben ƙarfe na cikin boris ɗin yake biyo shi. Sabo za a saya. Amma a fara duba wayar sensar da kanta, ko an tsinka ta ko an fasa bakinta wajen kwance ƙafar. Birkinki na yau da kullum yana aiki, sai dai ABS ɗin ba zai taimake ki ba a kan yashi ko jiƙaƙƙen titi.

Tambaya: Ni direban Golf 3 ne, ina lodi Katsina zuwa Kano. Cikin wata biyar na canza boris na gaba sau uku a ƙafa ɗaya. Kayan yanzu ne ba su da kyau ko kuwa? Daga wani direba, Batagarawa.

Amsa: Ɗan'uwa, jabu yana nan a kasuwa, amma sau uku a ƙafa ɗaya, ɗayar kuma lafiya lau, wannan ya fi kama da aikin hannu. Ka tsaya a wurin ka ga yadda ake sa shi. Idan an ɗauko guduma da guntun ƙarfe, to an kashe boris tun bai ga titi ba, domin kowane bugu yana barin ɗan tabo a hanyar da ƙwallayen ke bi. Injin matsi ake amfani da shi. Wajen shigar da boris gidansa, zoben waje kaɗai ake dannawa. Wajen shigar da hob kuma, dole a tallafi zoben ciki daga baya, in ba haka ba ya ɓalle.

Sai babban noti na kan shaf, wanda shi ne ke matse zobban ciki biyu wuri ɗaya. Kowace mota da awon ƙarfin da ake ɗaure shi, ana rubuta shi da Nm: Corolla irin ta Malam na sama 216 Nm ce, Camry 294. Hawa kan dogon bututu da ƙafa ba awo ba ne. A nemi sifana mai awon ƙarfi, a sa sabon noti, kuma kada a tura motar ko taku ɗaya notin yana kwance. A ƙarshe a shafa wuyan hob da yatsa: idan ya yi gurbi ko ya yi shuɗi-shuɗi don zafi, zoben ciki ya daɗe yana juyawa a kansa, kuma ko wane iri ka sa, haka zai cinye shi. A canza hob ɗin. Gidan boris ma idan ya buɗe har sabo yana shiga da sauƙi, shi ma ya tafi.

Tun da lodi kake yi, ka kula da na baya. Su masu tsini ne, biyu a kowace ƙafa, ana cusa musu giris mai jure zafi da hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Ana canza su tare da kofinsu da robar tare giris, ba a ɗaure notinsu tamau, a bar taya tana juyawa sakayau ba tare da girgiza ba, a sa sabon fil.

Tambaya: Sabo ko na gwanjo? Kuma in ɗaya ya mutu sai na canza duka biyu? Daga wani mai karatu, Daura.

Amsa: Boris da aka ciro shi tsirara daga wata mota, bar shi. Gwanjon da ake iya yarda da shi shi ne wanda ya zo a haɗe cikin gidansa da hob ɗinsa, ka juya da hannu ka ji shiru ba gargada. A sabo, sunayen da aka sani su ne Koyo, NSK, NTN, SKF, FAG da Timken, kuma su ne aka fi kwaikwaya. Duba rubutun jikin ƙarfen ya fito tsaf, lambarsa ta yi daidai da ta kwali, robar murfi ta zauna lif ba giris a waje. Ɗaya ƙafar kuwa, a gwada ta kamar yadda muka faɗa a sama. Idan shiru take, ka bar ta ka riƙe kuɗinka.