Manyan kantuna da diloli a Gombe: aiki suke kawowa ko tireda suke kashewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon tireda a Kumo, ƙanena kuma ya gama difloma yana zaune. Ana ta cewa manyan kantunan kayan masarufi da dilolin da ke yaɗuwa a Gombe za su samar wa matasa aiki. Da gaske ne, ko mu ƙanana za a ture?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. In ma'aikatan da ke tsaye a cikin kanti za ka ƙirga, ba su da yawa. Aikin yana can baya, inda mai saye ba ya gani.

Ɗauki katan ɗin taliya guda. Tirela ce ke kawo shi sito a Gombe daga Legas ko Kano. 'Yan dako su sauke, mai kula da sito ya rubuta, direban ƙaramar mota ya kai shi Kumo, Billiri, Dukku ko Bajoga, wani matashi ya bi shaguna yana karɓar oda da kuɗi. Duk sabon siton da dila ya buɗe a ƙaramar hukuma, waɗannan hannayen yake nema. Kai kanka shaida ne: tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin motar zuwa sari yana cinye riba. Dilan da zai kawo maka kaya har ƙofar shago ya rage maka nauyi.

Abin da ke damuna shi ne kantin da komai nasa daga waje yake zuwa. Ga shinkafar Dadin Kowa, ga wake da masara jibge a kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe. In kanti ya sayi namu, aka tsince, aka niƙa, aka zuba a leda da lambar NAFDAC, mata da masu injin niƙa da manoma duk sun samu.

Ba zan ɓoye maka ba, shagon da ke gab da babban kanti zai rasa wasu masu saye. Amma kanti ba ya sayar da sukari ƙulli-ƙulli, ba ya ba maƙwabci bashi zuwa ƙarshen wata. Riƙe wannan da kyau.

Shi kuma ƙanenka, ya koyi lissafin shiga da fitar kaya a kwamfuta, ya tunkari diloli kai tsaye. Kafin ya fara, a rubuta masa albashinsa da lokacin tashi, domin da yawa a wannan harka biyan yini ake yi.