Gishirin Bature daban, na Bahaushe daban

Tambaya: Malam, na tura wa shugabarmu a wurin aiki wani labari da na gani a Facebook cewa za a ƙara albashi. Sai ta amsa mini da "take it with a pinch of salt". Na san "salt" gishiri ne, amma me ya haɗa gishiri da albashi? Ko cewa take yi ƙarya nake?

Amsa: Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, ba ta ƙaryata ki ba. Nufinta shi ne ki ji labarin, amma kada ki hau kai ki zauna. Mai yiwuwa da ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai majiyar ba abin dogaro ba ce, don haka ki jira tabbaci.

Ga inda ɗalibaina suka fi ruɗewa. A Hausa in aka ce wane ya ƙara gishiri, mai ba da labari ne ya zuzuta. A Turanci kuwa mai sauraro ne ke riƙe da gishirin, yana ɗan barbaɗa wa maganar da ya ji kafin ya yarda ya haɗiye ta. To kin ga laifin, in ma akwai, na wanda ya ƙirƙiro labarin ne, ba naki ba.

Mutanen Ingila sun fi cewa "pinch", wato ɗan abin da yatsu biyu za su tsinto. Amurkawa kuma "grain" suke cewa, ƙwaya guda. Ma'anar ɗaya ce. In shakkar ta yi yawa za ki ji an ce "a large pinch of salt".

Galibi ana danganta asalinta da wani marubucin Romawa, Pliny, wanda wajen shekara ta 77 miladiyya ya rubuta wani maganin guba na Sarki Mithridates: busasshen ɓaure biyu, ganye 20 na wani tsiro mai ɗaci da wasu 'ya'yan itace biyu, a daka, a sa ƙwayar gishiri, a ci kafin karin kumallo.

Ki yi amfani da ita a kan jita-jita, tallar kaya ko alkawarin kamfe. Amma don Allah kada ki dubi babba ki ce masa haka za ki ɗauki maganarsa, domin ko a Turancin ma rashin ladabi ne. Amsar da ta dace ki ba shugabarku ita ce za ki jira sanarwa a rubuce.