Mun Share Fili Kewaye da Gona, Amma Wutar Daji Ta Tsallake

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gonarmu da ɗakin ajiyarmu suna kan wani ɗan tudu a bakin daji. Bara da rani muka share fili mai faɗin kamar mita 2, muka kewaye wurin gaba ɗaya. Da wuta ta taso daga kwari ko waiwayen sharar ba ta yi ba, ta tsallake ta cinye ɗakin. Muka tare ta ta gaba da bokitai da ɗanyun rassa, saura ƙiris ta rutsa da ƙanena. Ina kuskurenmu yake, kuma idan ta dawo yaya za mu yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar da alheri, mun kuma gode masa da ƙanenka ya tsira. Sharar da kuka yi dabara ce mai kyau, sai dai kun ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta. Babban kuskuren shi ne tarar wuta ta gaba, kuma a kan hawa. Wannan ne ke kashe mutane, har da ƙwararrun 'yan kwana-kwana.

Wuta ba ta rayuwa sai da abu uku: makamashi, zafi da iskar oksijin. Ka cire ɗaya, ta mutu. Ruwa zafi yake ɗauke mata, ƙasa ko jiƙaƙƙen buhu numfashi suke toshe mata, shara kuwa abincinta take janyewa. A daji ba ka da iko da oksijin, tunda kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa ita ce, ruwa kuma da wuya ya wadatar. Saura makamashi. Shi ya sa babban ɓangaren aikin masu kashe wutar daji da fartanya, shebur da manjagara ake yin sa, ba da mesa ba.

Ba kowane makamashi ne ke sa wuta gudu ba. Gungumen itace yana daɗewa yana ci, amma a wuri ɗaya yake. Masu kai wuta nesa su ne ƙananan abubuwa: busasshiyar ciyawa, ganyen da ya zuba, kirare waɗanda ba su kai kaurin fensir ba. Irin waɗannan cikin awa guda suke shan danshin iska ko su fitar da shi. Ciyawar da ka taka da asuba ka ji ta da laushi saboda raɓa, ita ce za ka ji tana ƙaras-ƙaras da ƙarfe biyu na rana, ashana ɗaya ta ishe ta. A Kanada masu wannan aiki suna da ma'aunin da suke tunawa da shi cikin sauƙi: idan zafi ya haura digiri 30, danshin iska ya sauka ƙasa da kashi 30, iska kuma ta fi kilomita 30 a awa, to ranar ba ta wasa da wuta ba ce.

Yanzu ga abin da ya cuce ku, wato tudun. Harshen wuta sama yake nufa. Idan tana hawa, harshen yakan kwanto kan ciyawar da ke gabanta, ya busar da ita, ya gasa ta tun kafin ya taɓa ta, sai ta kama nan take. Ƙa'idar da ake koyarwa a Ostareliya ita ce duk ƙarin digiri 10 na hawa yana ninka saurin wuta sau biyu. A digiri 20 ya zama sau huɗu. Kai kuwa da kake gudu, hawan nan rage maka sauri yake yi. Ka ga lissafin bai goyi bayanka ba.

A watan Agusta na 1949, a wani kwazazzabo mai suna Mann Gulch a jihar Montana ta Amurka, an sauke masu kashe wuta da laima daga jirgin sama. Wuta ta tsallako ƙasa da su, ta biyo su tana hawa cikin busasshiyar ciyawa. Shugabansu, Wagner Dodge, da ya ga ba za su kai saman tudun ba, sai ya tsaya ya ƙyasta ashana ya cinna wa ciyawar gabansa wuta, ya shiga cikin tokar ya kwanta, yana kiran mutanensa su zo. Suka ɗauka ya zautu, suka ci gaba da gudu. Mutum 13 suka mutu. Shi wuta ta raba biyu ta wuce shi, domin inda yake babu abin ci. Ban kawo wannan don ka riƙa cinna wuta idan ka firgita ba, wannan aikin gwani ne kuma yana iya juyowa kanka. Abin da nake so ka riƙe shi ne ƙasar da ta riga ta ƙone ita ce mafaka. Idan wuta ta matso ka, kada ka hau tudu, kada ka bi inda iska ta nufa. Ka ratsa ta gefe, ka nemi baƙar ƙasa, ko fili fetal, ko shararriyar hanya.

To me ya sa ta tsallake sharar? Dalili biyu ne. Ciyawa mai tsayin ƙugu tana iya ba da harshen da ya fi mutum tsayi, idan iska ta kwantar da shi mita 2 ba komai ba ne. Faɗin shara da tsayin abin da ke gefenta ake auna shi, don haka ko ku faɗaɗa ta sosai, ko ku sassabe ciyawar ɓangaren daji ta koma ƙasa-ƙasa, musamman ta wajen kwari da ta inda iska ta saba busowa. Kuma a share har sai ƙasa ta fito, a kwashe abin da aka share a kai nesa. Na sha ganin an tara shi tsibi-tsibi a bakin layin, an shirya wa wuta liyafa ke nan.

Na biyu, kuma shi na fi zargi a kan ɗakinku, shi ne tartsatsi. Iska tana ɗaukar ɓawon itace da ganye masu ci ta jefa su gaba, ɗaruruwan mitoci, a manyan dazuzzuka ma kilomitoci. Gine-gine da yawa ba harshen wuta ne ke cinye su ba. Garwashi ne ɗan ƙarami ke faɗawa cikin ganyen da ya taru a indararo, ko ya shige ta ƙarƙashin ƙofa, ko ya maƙale a tarin itacen da aka jingina da bango, ya yi ta ci a ɓoye. Saboda haka ka zagaya ɗakin da idon tartsatsi. Mita ɗaya da rabi na farko daga bango kada a bar komai mai kamawa. Daga nan zuwa mita 10 ciyawa ta zama gajera, a sare rassan da suka sauko ƙasa don kada wuta ta yi tsani da su ta hau bishiya. Itace, fetur da tukunyar gas su yi nesa. Tagogi da ramukan shan iska a sa musu ragar ƙarfe mai ƙananan ido.

Batun kashewa kuma, wutar daji tana da kai, da gefe biyu, da baya. Kai shi ne inda iska ke tura ta, can ne hayaƙi da huci suke. Ba a tarar kai. Daga baya ake farawa, inda take ci a hankali, a kafa ƙafa a wurin da ya riga ya ƙone, a bi gefunan ana matse ta har ta tsuke. Mai reshe ko jiƙaƙƙen buhu ya riƙa sharo wutar zuwa cikin toka, kada ya yi ta fyaɗa daga sama yana watsa tartsatsi. Mai ruwa ya nufi gindin wuta. Idan harshe ya wuce tsayin ƙirjinka, aikin ya fi ƙarfin kayan hannu: ku ja da baya. Hukumar kashe gobara kuwa tun ganin hayaƙin farko ake kiranta, ba sai ƙarfi ya ƙare ba.

Ku ware mutum ɗaya wanda ba ya kashe komai, aikinsa kallon iska da hayaƙi kawai. Juyawar iska tana mayar da gefe ya zama kai cikin daƙiƙoƙi. Haka ta faru ranar 7 ga Fabrairun 2009 a jihar Biktoriya ta Ostareliya: da yamma iska ta sauya alƙibla, dogon gefen wutar ya koma gabanta baki ɗaya. Mutum 173 suka rasu a gobarar wannan rana.

Huci yana iya kayar da mutum tun harshe bai iso ba, don haka a rufe jiki: riga mai dogon hannu da wando na auduga, takalmi rufaffe, ƙyalle a hanci. Yadin roba narkewa yake ya manne da fata.

Bayan wuta ta lafa kada kowa ya tafi gida tukuna. Kututture da kashin dabbobi da saiwoyi suna riƙe garwashi har kwanaki. A bi bakin wurin da ya ƙone taku-taku, a tona duk inda ke hayaƙi, a cakuɗa da ƙasa ko ruwa, sannan a kara bayan hannu kusa da tokar. Idan da ɗumi, a sake tonawa. Washegari da azahar, lokacin da iska ta tashi, a dawo a sake zagayawa.