Tambayoyinku da amsoshin likita: Maigidana ya daina shan maganin hawan jini

Assalamu alaikum. Mafi yawan tambayoyin wannan makon daga ma'aurata suka fito, don haka na haɗa su wuri guda.

Likita, an gano ina da ciwon suga, an ce in riƙa tattaki. Nakan yi kwana uku in bari. Mene ne mafita? (Wani magidanci daga Zariya)

Malam, ka nemi uwargida ku riƙa fita tare bayan sallar asuba, ko da zagayen unguwa ne na minti 30. Masu bincike a Ingila sun bi ma'aurata 3,722 masu shekara 50 zuwa sama, suka fitar da sakamako a 2015. Idan ɗaya ya fara motsa jiki, kusan biyu cikin uku na abokan zamansu ma sun fara. Idan kuwa abokin zaman yana zaune, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ya iya. Ka kuma ci gaba da zuwa awon suga, tattaki ba ya maye gurbin magani.

Da gaske ne yawan faɗa da miji yana jawo ciwo a jiki, ko dai magana ce kawai ta mutane? (Wata 'yar'uwa daga Maraɗi)

Da gaske ne. A Jami'ar Jihar Ohio da ke Amurka, Janice Kiecolt-Glaser, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta gayyaci ma'aurata 42, aka yi musu ɗan ƙaramin rauni a hannu, sannan aka sa su tattauna abin da suke saɓani a kai. Waɗanda suka riƙa yi wa juna gori da baƙar magana, raunin nasu ya fi jinkirin warkewa sosai. A 2005 aka buga wannan. Ɓacin rai na kullum yana hana barci, yana ɗaga jini, yana raunana garkuwar jiki. Idan abin ya kai ga duka, ko kin fara jin rayuwa ta ishe ki, kada ki yi shiru. Ki sanar da magabatanki, ki kuma ga likita.

Likita, maigidana yana da hawan jini shekara huɗu ke nan. Abokansa na majalisa sun ce masa maganin asibiti yana kashe mazakuta, sai ya ajiye shi, ya koma shan wani maganin ƙarfin maza na kwalba. Na yi magana har na gaji, yanzu ko na buɗe baki sai ya fice. Zan iya daka ƙwayar in zuba masa a kunu bai sani ba? (Wata uwargida daga Gusau)

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika damu da shi haka. Wannan tambayar ce ta fi tayar min da hankali, domin ba gidanki kaɗai ba ne.

Kada ki zuba masa magani a ɓoye. Wasu ƙwayoyin hawan jini an yi su ne su narke a hankali cikin yini guda, idan aka daka su sai su shiga jini gaba ɗaya, jinin ya faɗi farat ɗaya. Ba ki kuma san abin da ke cikin kwalbar da yake sha ba. Ranar da ya gane kuwa, ko ruwa kika miƙa masa sai ya yi zargi.

Maganar majalisa tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa take kama zukatan maza. Wasu tsofaffin magunguna, irin su atenolol da methyldopa da wasu masu sa fitsari, sukan rage ƙarfin wasu mazan. Amma akwai irin su losartan da amlodipine waɗanda galibi ba sa yin haka, kuma sauya magani aikin minti biyar ne a gaban likita. Abin da majalisa ba ta faɗa masa ba shi ne, hawan jinin da aka bari ba magani yana cikin manyan masu kashe mazakuta. Ƙarfin namiji jini ne ke kawo shi. Hawan jini yana lalata hanyoyin jinin, kuma na gaban namiji sun fi na zuciya ƙanƙanta, su ke fara nuna alama. Shi ya sa idan magidanci ya zo min da raunin gaba nake auna jininsa da sugansa, in duba zuciyarsa, don sau da yawa gargaɗi ne da ke zuwa 'yan shekaru kafin ciwon zuciya.

Ita kuma kwalbar nan, wallahi abin yana ɓata min rai. Ana tallar su da lasifika a tasha da bakin kasuwa, ba suna, ba awo, ba ranar lalacewa, a ce wai saiwa ce zalla. Gwaje-gwajen hukumomin kula da magunguna sun sha gano sinadarin sildenafil, wato na Viagra, a ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗen, kuma ba wanda ya san yawansa. Mai ciwon zuciya da ke shan ƙwayar da ake sa wa a ƙarƙashin harshe, idan ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa ya mutu nan take. Mutum ya guji maganin da aka auna masa, ya rungumi wanda mai sayarwar ma bai san abin da ke ciki ba!

Yanzu ga abin da ke hannunki. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin yadda mata da miji ke juya juna a kan lafiya, kuma abin da suka gani ya raba hanya biyu. Mita da gori da tsoratarwa sukan sa mutum ya ƙara taurin kai, ko ya koma yin abin a ɓoye. Ƙarfafa gwiwa, da yabo, da yin abin tare, su ne suka fi sauya hali. Kin ce da kin buɗe baki yake ficewa. Ina zaton ba maganin yake gudu ba, kunya ce ta abin da bai iya furtawa ba. Namiji zai yarda ya mutu da ciwo a kan ya ce wa matarsa ƙarfinsa ya ragu.

Don haka ki ajiye maganar ƙwaya tukuna. Ki zaɓi lokacin da kuke ku biyu, ba gaban yara ba, ba gaban abokiyar zama ba, ki ce masa: "Maigida, na ji an ce akwai maganin hawan jinin da ba ya taɓa ƙarfin namiji. Mu je tare mu tambaya, ni ma a auna ni." Ki nufi hakan da gaske, ki miƙa naki hannun a ɗaura abin awon. Tukunya kuma a hannunki take. Ki rage gishiri da dunƙule a miyar gida gaba ɗaya, kada ki ware masa kwano shi kaɗai kamar majinyaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ke nan, har da wanda ke cikin dunƙule da yaji. Idan bai saurare ki ba, ki nemi yayansa ko amininsa da yake jin nauyi.

Kafin nan, ki sa ido. Idan kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta yi nauyi, ko magana ta sarƙe, ko yana kukan ciwon ƙirji ko matsanancin ciwon kai, asibiti za a tafi a take, ko da tsakar dare ne. Ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa shafa mai. Haka nan idan gabansa ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa huɗu, asibiti nan da nan.

Saurayina ya ce na cika rama. Ƙawata ta ba ni "sha ka fashe", na yi wata biyu ina sha. Akwai illa? (Wata budurwa daga Kano)

Akwai, 'yata, kuma babba. Yawancin abin da ake sayarwa da wannan sunan dexamethasone ne ko danginsa, wato magani mai kwaikwayon wani sinadari da jiki ke yi da kansa. Kumburi yake sa wa: fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, nankarwa ta fito a fata. Yana jawo ciwon suga da hawan jini da gyambon ciki, yana cinye ƙashi. Masu ba yara mata wannan a kemis ba takardar likita, su ji tsoron Allah. Amma kada ki daina shi rana ɗaya, domin bayan wata biyu jikinki ya rage yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya kayar da ke. Ki ɗauki kwalin ki je asibiti cikin makon nan a rage miki a hankali. Shi kuma saurayin, ki gaya masa abin da maganarsa ta jawo.

An yi min maganin ciwon sanyi sau uku yana dawowa. (Wata amarya daga Bauchi)

An yi wa maigida? Idan irin wanda ake ɗauka ta saduwa ne, dole a yi muku tare, har da abokiyar zamanki in akwai, ku kuma ƙaurace wa shimfiɗa kwana 7 bayan magani. Ki je a yi gwaji a san irinsa, ki daina cusa kayan matsi. Sanyin da aka bari yana iya toshe hanyar ƙwai ya hana haihuwa, don haka kada ki jinkirta.